Sharar Dajin Mai Gashi Biyu

Shekara ashirin da uku ina tsinkar ganyen shayi a gonar kamfani da ke gindin dutsenmu, a kwarin Wahgi na ƙasar Papuwa Niugini, kuma duk shekarun nan layin ƙarshe na can sama shi ne nawa. Ba wadda ke son sa, saboda hawa, ga sanyi yana cin yatsu har ƙarfe tara. Ni kuwa ina son sa, don daga nan taku goma ne ka shiga daji. Dajin na dangin mijina ne. Gajimare a cikinsa yake kwana, ya tashi da hantsi ya tafi yawonsa, ya dawo da la'asar. Kowane icce sanye yake da gansakuka tun daga saiwa har reshe, ƙasa kuwa laushi, in ka taka ruwa ya fito ta tsakanin yatsunka. Da mijina ya rasu, can nake zuwa in yi kukana, inda babu mai ce mini in yi haƙuri. Ina son dajin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sai wani mai injin katako daga birnin Hagen ya sa mana ido. Sau uku yana zuwa da jar motarsa, da buhun shinkafa da kifin gwangwani, yana kallon itatuwanmu yana haɗiyar yawu. Surukina, Baba Kuri, shi ne mai magana ta ƙarshe a kan ƙasar dangi. Ya tsufa, kuma samari masu son rufin kwano sun ishe shi da surutu, har ya fara karkata.

Ana cikin haka Lukas ya ɓullo. Lukas ɗan Hagen ne, aikinsa kawo baƙi masu yawon buɗe ido su ga yadda ake busar da ganye a masana'anta, su sha shayi su tafi. Ya ji labarin akwai Mai Gashi Biyu a dajinmu. Ɗan tsuntsu ne baƙi mai rawaya a ƙirji, bai kai tattabara ba, amma Allah ya dasa masa gashi biyu a ka, kowanne ya ɗara tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa. Lukas ya ce akwai mutanen da ke tasowa daga ƙarshen duniya don su ga rawarsa. Ya ce ranar Alhamis zai kawo shida, in sun gani sun ji daɗi, kamfaninsu zai riƙa kawo mana baƙi kowane mako.

Baba Kuri ya tara dangi a filin taro ya yanke magana a taƙaice. "Alhamis baƙi, Lahadi mai katako. In baƙi suka ga tsuntsu suka ce za su dawo, daji ya tsaya. In ba haka ba, Lahadi bayan coci zan dangwala masa yatsa a takarda."

Parua ne ya miƙe bayansa. Ƙanen mijina ne. Yana ɗan tsirit da majina a hanci aka kawo ni gidansu, ni na riƙa goge masa, amma yanzu ya yi gemu ya yi ƙirji, in ya buɗe baki har aladun ƙetaren rafi sai sun ɗaga kai.

"Baƙi za su taso tun daga bayan teku, mu bar su su bi hanyar alade? Su zame su faɗi a ƙasarmu, a je a faɗa a Hagen cewa mutanen Kuri ba su san baƙo ba? Ba da ni ba!"

Maza suka ce gaskiya ne. Mu mata muna gefe a kan ciyawa muna saƙa jaka, ba a tambaye mu ba. Ni dai bakina ba ya iya zama.

"Ƙanena, tsuntsun fa? An tambaye shi ko yana son hanya?"

Aka kwashe da dariya. Parua ya juyo yana murmushin mai nasara. "Matar Yaya, ke dai ki tsinki ganyenki. Harkar baƙi ta maza ce."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da zuciya ɗaya suka yi. A wurinmu in baƙo zai zo, ka share fili, ka cire ciyawa ɗaya bayan ɗaya, ka jera furanni, ka yanka alade, wanda bai yi haka ba kuwa ba ɗan mutane ba ne. To haka suka yi wa daji. Kwana uku suna aiki. Suka sare hanya mai faɗin da mutum huɗu za su jera, tun daga bakin gonar shayi har gindin iccen da Mai Gashi Biyu yake waƙa. Suka kankare gansakukar jikin kututture da adda, wai ƙazanta ce kuma tana da santsi. Suka datse igiyoyin daji da ke rataye a ƙarƙashin iccen don kada su tsokane idon baƙo, alhali a kan ɗaya daga cikinsu yake sauka ya yi rawa. Suka kafa rumfa da benci, suka shafa wa duwatsu farar ƙasa. Na rantse da idona na ga wani yana bin ƙasan daji da tsintsiya.

Ranar Laraba da safe ina layina, na kasa kunne ban ji shi ba. Waƙarsa ba ta da daɗi, kamar rediyon da ya rasa tasha take, amma shekara da shekaru da ita nake fara aiki. Na daina tsinka na tsaya cik, can sai na jiyo shi ƙasa-ƙasa, daga wani gefe dabam, bayan idon ruwan da mu mata muke hawa ɗebo ganyen miya. Da yamma na tari Parua na ce masa tsuntsu ya bar iccensa.

"Ya je ina? Iccensa ne tun zamanin kakanmu. Kunya yake ji, gobe in ya ga an taru dominsa zai fito."

Na haɗiye sauran maganar. Na san in na faɗi inda na ji shi, kafin gari ya waye sun share can ma.

Alhamis ban saka ado ba, ban je fili ba. Na ɗauki kwandona na hau layina, ni da Nori, ƙawata da muke tsinka kafaɗa da kafaɗa tun muna amare. Daga can sama komai a tafin hannunmu yake. Ƙarfe bakwai farar mota ta iso, baƙi shida suka fito, ganguna suka ɗauka. Maza sun sha fenti da gashin tsuntsaye, Baba Kuri a gaba da gashin Mai Gashi Biyu a hularsa, wanda ya harbo tun yana saurayi. Hayaƙin ramin gashin alade ya turnuƙe. Parua ya yi jawabi, kansila ya yi, mai wa'azi ya yi, Parua ya tuna abin da ya manta ya sake yi. Muna hango Lukas yana duba agogo yana sosa ƙeya. Sai ƙarfe goma aka tashi, kuma don kada a ce an bar baƙo ya shiga daji shi kaɗai, makaɗa wajen arba'in suka raka su har gindin icce suna kiɗa suna buga ƙafa.

Nori ta kira sunana ta ce, "Mande, ko kurma ne tsuntsun nan, ai yanzu ya gudu ya kai lardin Chimbu."

Ban yi dariya ba. Ina tsinka ina jin kamar ana sare itatuwan a cikin ƙirjina.

Ba a yi awa ɗaya ba suka gangaro, ba kiɗa. Hanyarsu ta bi ta ƙarshen layina. Lukas ne a gaba, fuska a ɗaure, baƙi biyar a bayansa da madubin hangen nesa rataye a wuya, sai can baya wata 'yar tsohuwa mai furfura tana dogara sanda. Maza suna biye, gashin kansu yana rangaji, kowa ido a ƙasa. Na ji Lukas yana ce wa Parua, "Tsohuwar nan Fumiko daga Japan ta taso, zuwanta Papuwa Niugini na uku ke nan don tsuntsun nan. Ta shafa kututture ta tambaye ni ina koren da na yi musu alkawari. Me zan ce mata? In titi suke son gani, akwai a Hagen. Mu mun tafi."

Ban san lokacin da na sauke kwando daga goshina na dire shi a tsakiyar hanya ba.

"Ba inda za ku."

Lukas ya ja birki. Parua ya zaro ido. "Matar Yaya, lafiyarki? A gaban baƙi?"

"A gabansu ɗin. Kai ka yi jawabinka sau biyu, ni sau ɗaya zan yi." Na juya wajen Lukas. "Ɗana, tsuntsu yana nan. Na san inda ya koma. Amma ba ya rawa da rana tsaka, sai gajimare ya sauko ya rufe daji, wajen ƙarfe uku. Ka ba ni su zuwa la'asar."

"Inna, kin gan shi?"

"Na ji shi."

"Ji kawai?"

"Shekara ashirin da uku ina jin sa. Kai sau nawa ka ji shi?"

Wani daga baya ya ce mace ba ta tare hanyar taro. Wani ya ce a ɗauke mini kwandon. Ban matsa ba, idona yana kan surukina. Baba Kuri ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ku bar ta. Ku kun yi naku mun gani."

Lukas ya yi ajiyar zuciya. "To yanzu sha ɗaya. Awa huɗu me zan yi da su?"

"Shayi za su tsinka. Ai gonar shayi ka ce za ka nuna musu."

Nori ta ruga ta shawo kan shugaban layi, wanda da ya ji za a ɗauke shi hoto ya gyara hula ya ce ba komai. Muka raba wa baƙi kwanduna. Na nuna musu yadda ake yi: ganye biyu na sama da ɗan tohon da ke tsakaninsu, ka kama da yatsa biyu ka karya, ba ka ja ba, ba ka sa farce ba. Wani dogon Bature mai jan wuya ya damƙo reshe guda ya fizgo har da tsofaffin ganye.

Nori ta riƙe baki. "Wayyo, wannan ai abincin akuya yake tarawa. Lukas, tambaye shi ko a gidansu da rassa ake dafa shayi."

Lukas ya fassara, Baturen ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zubar ya sake. Kafin wani lokaci layin ya cika da shewa, mata suna kama hannun baƙi suna gyara musu yatsu. Tsohuwa Fumiko kuwa, ta jingine sandarta ta fara, sai muka ga hannu biyu take tsinka, ƙas ƙas ƙas, ko ganye ɗaya ba ta ɓata. Ashe a gonar shayi ta girma. Nori ta ce a ba ta layi gobe, a kori rabinmu.

Ba don wasa na sa su tsinka ba. Ina kallon ƙafar kowa, wane ne mai taka ƙasa da ƙarfi, wane ne ba ya iya minti biyar bai yi magana ba. Kuma kunnena ya kamo abin da ya dame ni: rigunan ruwansu. Kowa ya motsa sai rigar ta yi ƙara, shuu shuu, wadda a cikin daji za a ji daga nesa. Na sa aka kwaso mana tsofaffin buhunan algarara daga rumfar awo, muka huda wurin kai da hannu. Da azahar aka fito da alade da dankali daga ramin gashi, tunda an riga an yanka, baƙi suka ci a kan ganyen ayaba suna lasar yatsa. Parua yana can gefe yana gatsar nama kamar naman ne ya yi masa laifi.

Ƙarfe biyu na ga bakin gajimare ya fara leƙowa ta kan dutse. Na ce a tashi. Na sa kowane baƙo ya tuɓe rigar ruwa ya saka buhu, Lukas ma bai tsira ba. Mata suna ta dariya, baƙi suna ɗaukar juna hoto. Sai ga Parua ya taso da gangarsa a hammata.

Na ce, "Ina zuwa?"

"Dajin ubana ne."

"To ajiye gangar. Bakin ma ka ajiye shi kusa da ita, in mun dawo ka ɗauka."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga mahaifinsa yana cire hular gashi yana miƙa wa wata jikarsa, yana goge fentin fuska da ganye. Baba Kuri ya zo ya tsaya a bayana. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tafiya a gabansa ba sai ranar. Parua ya ajiye ganga.

Hanyar mata ba hanya ba ce a wurin wanda bai san ta ba. Saiwa ce a kan saiwa, da laka, da kututturen da za ka bi ta ƙarƙashinsa da rarrafe. Muna shiga baƙi suka fara tsayawa suna shafa itatuwa, suna nutsa yatsu a cikin gansakuka, suna ɗaga kai suna kallon inda take zubowa daga rassa tana ɗigar ruwa. Na bar su kaɗan, sannan na kaɗa musu hannu. A hawa na biyu tsohuwa Fumiko ta tsaya, numfashinta yana fita da ƙyar, sandarta tana nutsewa a laka. Lukas ya raɗa mini cewa ba za ta iya ba, sai dai a bar ta nan da mutum ɗaya. Tsohuwar ba ta jin yarenmu, amma ta gane, na ga idonta ya kawo ruwa.

Na waiga na dubi Parua. "Ƙanena, ƙirjin nan na jawabi ne kawai?"

Ya harare ni, ya je ya durƙusa a gabanta ya nuna mata bayansa. Ta yi ta sunkuyar da kai tana ƙi, shi kuwa bai tashi ba har ta hau. Gaskiya in faɗa, yaron nan da na goge wa hanci ya hau dutsen nan da tsohuwa a baya ko sau ɗaya bai zame ba, kuma ko tari bai yi ba.

Bayan idon ruwa akwai wani ɗan kwari, da wata igiyar daji siririya da ta ratso daga sama ta lanƙwasa daidai tsayin mutum. Ban taɓa ganin sa a kanta ba. Na dai duba wurin, na duba igiyar, na ga inda gansakukarta ta goge a wuri ɗaya, na ce a raina in ba nan ba to babu. Na zaunar da kowa a bayan wani faɗaɗɗen kututture, na ɗora yatsa a leɓe. Gajimare ya iso ya rufe mu, har wanda ke ƙarshen layi ya zama inuwa.

Muka zauna. Ruwa yana ɗiga daga ganye zuwa ganye. Sanyi ya ratsa buhu ya shiga ƙashi. Matsattsaku ya kama ƙafar Baturen mai jan wuya, ya dube ni, na girgiza kai, ya bar shi yana sha, Allah ya saka masa. Rabin awa ta wuce. Lukas ya fara juya hannu yana satar kallon agogo. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai. Na fara tunanin ko kunnena ya tsufa, ko kiɗan safe ya kore shi har daga nan, ko na tsayar da mutane na ja tsoho da tsohuwa cikin laka a banza. Na hango jar mota ranar Lahadi, na hango yatsan Baba da tawada. Na runtse ido na ce, Ubangiji, ban taɓa roƙon ka tsuntsu ba, yau ina roƙo.

Lukas ya taɓa kafaɗata ya nuna hanyar komawa. Ban kula shi ba. Ya sake taɓawa.

Sai ƙarar ta tsinke a saman kanmu, kusa ƙwarai, tsss-kirrr-tsss, har tsohuwa ta zabura. Na damƙe hannun Lukas. Wata 'yar tsuntsuwa toka-toka ta sauko ta zauna a reshe, ita ce macen, ba ta da ado ko kaɗan. Sai shi ya faɗo daga cikin farin gajimare ya dira a kan igiyar, daidai inda ta goge.

Ya kumbura gashin wuyansa. Ya fara lilo, yana danna igiyar da ƙafa tana ɗaga shi, sama ƙasa, sama ƙasa, yana ƙara sauri. Gashin nan biyu suka tashi daga bayansa suka miƙe tsaye, ya watsa su gefe da gefe, ya kawo su gaba har suka kusa taɓa macen, ya mayar, yana huci yana ƙara. Ita kuwa tana kallon wani wuri kamar ba da ita ake ba, na ce a raina, haka ne 'yar'uwa, bar shi ya sha wuya. Babu wanda ya motsa. Baturen ya manta da kyamarar da ke hannunsa. Hawaye yana bin kuncin tsohuwa Fumiko, ba ta share ba, ta riƙe hannun Parua gam. Can macen ta matso taku ɗaya, sai ya tsaya cak, ya buɗe fukafukai yana karkarwa, ya sunkuyar da kai, ya shimfiɗa gashin biyu a gabanta a hankali, ya bi igiyar ya je har inda take. Suka tashi tare suka shige gajimare.

Wanda ya fara magana shi ne Baba Kuri, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Ashe haka yake ƙarewa."

Na juya. "Baba, kai da ka fi kowa sanin sa?"

"Shekara sittin ina saka gashinsa a kaina, 'yata. Bakwai na harbo da hannuna. Kullum yana fara lilon nan nake sakin kibiya, don lokacin ne ba ya ganin kowa. Ban taɓa tsayawa na ga ƙarshen ba."

Parua ya sunkuyar da kai yana wasa da laka. Ni kuma na kama hannun tsohon na tashe shi.

A hanyar saukowa bakin baƙi ya buɗe, kowa yana magana da yarensa yana kwatanta lilon da hannu. Muna fitowa gonar shayi Nori da sauran mata suna jira a ƙarshen layi, suka ga fuskokinmu, suka saki guɗa tun kafin mu ce komai. Tsohuwa Fumiko ta sauka daga bayan Parua ta zo ta tsaya a gabana, ta sunkuya har sau uku, ni kuma na rungume ta da buhunta da lakarta. Lukas ya ce wa Baba Kuri, a gaban kowa, Alhamis mai zuwa zai kawo takwas, amma da sharaɗi: ba kiɗa, ba jawabi, ba shara, kuma Inna Mande ce a gaba.

Parua ya yi gyaran murya. "Aladen fa?"

"Alade a ci gaba," in ji Lukas. "Amma bayan an sauko."

"To ɗaukar tsofaffi kuma aikina ne, kada wani ya sa mini hannu."

Na ce, "Ka ga, ƙanena, ashe kana da amfani in bakinka yana rufe."

Lahadi muna fitowa daga coci jar motar tana tsaye a bakin fili. Mai katako ya fito da takardarsa a leda da ɗan kwalin tawada, yana ta washe baki yana miƙa wa maza hannu. Baba Kuri yana zaune a kan kututture a gindin icce yana shan rana, ko motsi bai yi ba. Samarin da suka fi kowa son kwano suka yi cirko-cirko suna kallon sa. Ya ɗaga hannu ya yafito ni daga cikin mata.

"'Yata, ƙafata tana ciwo tun hawan nan. Je ki sallami mutumin can."

"Ni, Baba? Me zan ce masa?"

"Ke ake koya wa magana?"

Na gyara ɗaurin zane na ratsa filin, ta tsakiya, inda maza ke tsayawa su yi jawabi. Mutumin ya dube ni ya leƙa bayana yana neman wanda zai yi magana da shi.

"Ni ce," na ce masa. "Baba ya gaishe ka, ya ce a gode maka da shinkafa, mun ci ta yi daɗi. Daji kuma ba na sayarwa ba ne, yau da gobe da jibi. In kana son ganin sa ka zo Alhamis, za mu ba ka buhu ka saka, amma fa ba a magana a ciki."

Ya ce shi da maza yake ciniki. Parua ya taso daga bayana, ya buɗe wannan murya tasa da na daɗe ina tsana, ranar kuwa ta yi mini daɗi. "Ba ka ji matar Yayana ba ne? Ko in maimaita maka?"

Bai nemi a maimaita ba. Hanyarmu ba ta da wurin juyawa sai an buɗe shingen coci, kuma babu wanda ya tashi ya buɗe. Da baya-baya ya koma, wuya a murɗe, tun daga fili har gada, mu kuwa gari guda muna tsaye muna kallo, ko mutum ɗaya bai duba masa baya ya ce masa zo-zo ba.